Lamba 54 Aka Ce Za Ta Shige Ni: Sharhi a Kan Abayar da Na Saya ta WhatsApp

Tunda mata da yawa a nan Birnin Kebbi suna ta tambayata ko su yi oda wurin matar nan ta Kano mai zuba hotunan abaya a WhatsApp, bari in faɗi abin da na gani kowa ya huta. Ba zan kama sunanta ba, waɗanda suka san ta sun san ta. Kuɗin kayanta ma ba sai na faɗa ba, duk mun san yadda kayan waje suka koma tun da darajar naira ta zube a 2023.

Yadin dai ba laifi, gaskiya ɗaya ce. Irin yadin abayar nan ne da ake kira nida, mai kyau, mai sanyi, ba irin robar nan da ke liƙe wa mutum a jiki a watan Afrilu ba, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40. Duwatsun da ke hannu da ƙasan rigar ɗinke su aka yi, ba da gam aka manna ba. Saƙon ma bai yi jinkiri ba, ranar da ta ce direba zai kira ni daga tasha ranar ya kira. Da a nan zancen ya tsaya, da yabo kawai za ku ji daga bakina.

Walimar ɗiyar kawunmu ce ta taso a Argungu bayan ƙaramar Sallah, aka ce mu 'yan ɗaki mu fito iri ɗaya. Ni gajera ce, kuma tun da na fara haihuwa ƙirji da damtse suka buɗe, ba su koma ba. Ƙanwata doguwa ce siririya, ba ta da kafaɗa. Gwaggonmu kuwa sama ba ta da yawa, duk jikin a ƙugu ya taru. Na yi wa matar nan bayanin kowa dalla-dalla, har na ce ta auno min faɗin ƙirjin rigar da tef. Sai ta turo min murya tana dariya: "Haba Hajiya, kar ki damu, firi-saiz ce, masu ciki ma suna sawa. Ke 54 za ta yi miki cif." Na sake tambayar awo, ta turo hoton wata yarinya sanye da rigar tana juyi gaban madubi. Yarinyar da ko rabina ba ta kai ba.

Da kayan suka iso na gwada, rigar ta shiga, amma da ƙyar hannuna ya wuce, hammata ta kama ni tam. Na kira ta nan take. Ta ce haka sabuwa take, in na sa ta za ta saki jiki. Jama'a, nida ba ta miƙewa. Ta san haka, kullum cikin wannan yadin take.

Ranar walima muna ƙarƙashin rumfa, mata maƙil, wasu kan kujeru wasu kan tabarmi, malama tana tsakiyar nasiha a kan zaman aure. Yarona ya tashi da kuka. Na sunkuya zan ɗauke shi, hannu ɗaya na miƙa, sai na ji ƙyaaat. Ɗinkin hammatar dama ya farke, ya bi gefe har kusa da ƙugu. Kuma ba a ɓoye ba, matan da ke bayana duk sun gani, har wata ta ce "subhanallahi". Gwaggo ta jawo mayafina ta rufe ni, ta raɗa min: "Ke ɗiyar ga, matse hannunki, wagga riga ta so tona miki asiri." Aka shiga neman fil gida-gida, aka samo, ƙanwata ta ja ni bayan ɗaki ta maƙala min su. Wani ya ɓalle ya soke ni ina zaune. Daga nan har aka tashi hannuna na dama yana manne da jikina kamar kazar da aka karya wa fiffike. Ni da aka ɗora wa rabon abinci na kasa ɗaga kula, wata baƙuwa ce ta karɓe ni. Aka zo hoto da amarya na ce kaina ke ciwo. Har yau in aka turo hotunan bikin a zauren dangi babu ni a ciki, kuma amaryar nan a hannuna ta girma.

Wannan duk zan iya haɗiyewa, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne amsar da ta ba ni da na tura mata hoton ɓarakar. Ta rubuto: "Ayya Hajiya, ai jikin ne, sai an ɗan rage tuwo," har da 'yar fuskar dariya. Sannan ta ƙara da cewa kaya in sun fita ba a dawo da su. Kuɗina na biya, ba kyauta aka ba ni ba, kuma ban tambaye ta shawarar abinci ba.

Maɗinkiyata ta unguwar Badariya ce ta warware min zancen da na kai mata gyara. Ta shimfiɗa rigar, ta ɗora tef daga kafaɗa zuwa ƙasa, ta nuna min: inci 54 daidai. Lambobin nan na abayar Dubai, 52, 54, 56, 58, 60, tsawon riga ne a inci, ba ruwansu da faɗi. Mai gajarta ta ɗauki ƙarama, doguwa ta ɗauki babba, shi ke nan abin da lambar ke faɗa. Kuma masu ɗinka irin wannan da yawa, in sun rage tsawo sai su rage faɗi tare, kamar duk gajera siririya ce. To ni ina zan shiga? In na ɗauki 58 don in samu faɗi, rigar ta riƙa share ƙasa, ga duwatsu jere a bakinta ba damar yankewa. In na ɗauki tsawona, ga abin da ya faru a Argungu. Ta juya cikin rigar ta nuna min ɗinkin, ko rabin inci ba su bari na rara ba, balle a buɗa. A ƙarshe gefen mayafin ta yanko ta saka min ƙari a hammata biyu. Ta yi ƙoƙari, sai an ƙura ido ake ganewa, amma mayafin ya gajarce.

Ba wai matar nan ce kaɗai ba, kada in zalunce ta. Ki shiga babbar kasuwa ki ce a ba ki doguwar riga ɗinkakkiya, ki ga yadda za a yi ta ciro miki kaya. 'Yan Turkiyya lambarsu daban, 44, 46, 48, irin ta Turai, kuma tasu ta jiki ce, ba ta tsawo ba. 'Yan Chana kuwa a rubuta XXL amma ɗiyata 'yar sakandare ce za ta sa. A gwanjo ne ma nake samun abin da ke shiga damtsena, lamba 16 ko 18 ta Ingila, sai dai wa zai je walima da gwanjo? Mai shago ba ya da tef, ba wurin gwaji, sai dai ya ɗaga rigar ya kara miki a jiki ya ce ta yi. Shi ya sa iyayenmu ba su taɓa rabuwa da atamfa ba: yadi 6 naki ne, a yanka yadda Allah ya yi ki. Ko da yake can ma akwai nasu. Da yawanmu ba ma yarda tela namiji ya auna mu, sai mu aika da tsohuwar riga a matsayin awo, rigar da aka ɗinka tun kafin jiki ya canza. Ga alkawarin tela ana gab da Sallah, wannan kuma wani karatun ne. Gudun wannan wahalar ce ma ta kai ni ga ɗinkakkiya.

Bayan an kwana biyu, sai ga ta ta kira ni da kanta. Ta ce wasa take yi, ba ta san abin ya ɓata min rai haka ba, in yafe mata. Ta maido min kuɗin mota, ta ce in na sake oda za ta yi min ragi. Muryarta ta nuna ta ji kunya, na kuma ji zuciyata ta yi sanyi. Har na fara cewa a raina, yarinya ce mai neman na kanta, ita ma daga Kantin Kwari take sarowa, ba ita ta yanka rigar ba. Na ce mata ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Amma da na zauna rubuta wannan sai na tuna ba ni kaɗai aka cuta ba. Ƙanwata da aka ba 58, tsawon ya yi mata, sai dai hannun bai kai wuyan hannunta ba, kafaɗar kuma ta zazzago har damtse, ta wuni tana jan riga sama. Ta Gwaggo mai maɓalli ce a gaba, daga cibiya zuwa ƙasa maɓallan suka ƙi haɗuwa, dole ta sa ta a buɗe a kan wata tsohuwar doguwar riga da ba kalarsu ɗaya ba. Baiwar Allah ko ƙorafi ba ta yi ba, ta dai ninke ta ta ba jikarta. Mutum uku, jiki uku, duk an yi bayaninsu tun kafin a tura kuɗi, kuma babu wadda tata ta zauna daidai. Kuɗin mota kuma nawa kaɗai aka maido, don ni ce na yi magana. Tef ɗin awo nawa yake a kasuwa? Mai sana'ar sayar da sutura ta kasa mallakar guda ɗaya?

Don haka masu tambayata, in jikinki irin na yarinyar hoton ne, ki saya, za ki ji daɗin yadin. In kina da ƙirji, ko damtse, ko ƙugu, ko tsawon hannu, kada ki tura ko sisi sai ta shimfiɗa rigar ta auna miki a bidiyo kina gani: daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu ki gwada da naki awon, sannan faɗin damtse da tsawon hannu. Ki ce ta juya cikin ki ga ko an bar rarar ɗinki. In ta fara "haba Hajiya, kar ki damu", ki riƙe kuɗinki. Ni mayafi zan iya sake saya a wurinta, shi ma don wancan ya gajarce ne. Ragin da ta ce za ta yi min ta ba wata.