Switch ko Clash of Clans: wa ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa, wa ke jira sai ka zauna

Shekaranjiya wani ɗan'uwa a zauren nan ya yi tambaya, na ga an ba shi amsar layi ɗaya an wuce. Ya ce shi dai ya yi shekaru yana buga Clash of Clans a wayarsa ba tare da ya sayi wata na'ura ba, to me ya sa Nintendo ta fitar da na'urar wasanta Switch 2 a kan dala 450 a 2025 kuma aka yi ta rububinta? Ya ƙara da cewa yana tunanin sayen tsohuwar Switch ta gwanjo don shi da yaransa, amma yana tsoron kada ya zama ya yi asara.

Malam, kamfanonin nan biyu ba haja ɗaya suke sayarwa ba, ko da yake dukkansu a tafin hannu ake riƙe kayansu. Nintendo tana karɓar kuɗinta ne a bakin ƙofa, kamar mai gidan kallon ƙwallo. Supercell, mai Clash of Clans, ta bar ƙofa a buɗe, ta shimfiɗa maka tabarma, sai ka miƙe ƙafa sannan a fara zagayowa da tire.

Bari in fara da Nintendo, don tsarinta ya girme mu da yawa a nan. A 1989 ta fitar da Game Boy, na'urar wasa ta hannu, allo marar launi, batir huɗu. Shekara ɗaya bayan haka Sega ta fito da Game Gear mai launi da haske, wadda duk wanda ya gani zai ce ta fi kyau. Sai dai batir shida take ci, kuma cikin 'yan sa'o'i ta shanye su. Injiniyan da ya jagoranci Game Boy, Gunpei Yokoi, ra'ayinsa shi ne a ɗauki fasahar da ta kwana biyu ta yi araha, a yi mata sabon amfani. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayar da kusan miliyan 118. DS, na'urar hannu da Nintendo ta fitar a 2004, ta kai miliyan 154, alhali PSP ta Sony da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba ta tsaya a wajen miliyan 80.

To amma ba a jikin na'urar babbar ribar take ba. Na'urar hanya ce ta shigo da kai gida, sannan a sayar maka da abin da babu shi a ko'ina: Mario, Zelda, manyan wasannin Pokémon. Ba za ka same su a PlayStation ba, kuma Nintendo ba ta da saurin karya farashi. Dubi Mario Kart 8. A 2014 ya fito a Wii U, na'urar falon Nintendo kafin Switch, aka sake masa kwalliya aka dawo da shi Switch a 2017, ya sayar da fiye da miliyan 60, kuma shekara bayan shekara farashinsa na nan kusa da inda ya fara. Ban da wannan, duk wani kamfani da ya sa wasansa a na'urar sai ya ba Nintendo kasonta.

Raunin wannan tsari shi ne duk ƙwai a kwando ɗaya suke. Idan na'ura ba ta karɓu ba, wasannin ma ba su da inda za su sauka. A 2011 3DS, magajiyar DS, ta fito a dala 250, kasuwa ta yi sanyi, ba a yi wata shida ba aka dawo da ita dala 170, shugaban kamfanin na lokacin Satoru Iwata ya rage rabin albashinsa. Wii U ko miliyan 14 ba ta kai ba. Ita kuwa Sony, bayan Vita, magajiyar PSP, ta ƙi tafiya (katin ajiyarta na musamman mai tsada ma ya isa ya kori mai saye), sai ta daina ƙera ta a 2019. Switch ta 2017 ce ta fitar da Nintendo kunya, da ta haɗa na'urar falo da ta tafi-da-gidanka wuri guda, ma'aikatanta suka daina raba ƙarfi gida biyu. Yanzu ta wuce miliyan 150.

Supercell ba ta da wannan ciwon kai ko kaɗan. Ba masana'anta, ba jirgin ruwa, ba kwali a sito. Na'urar kai ka saya da kuɗinka don kira da WhatsApp, ita ta zo ta tarar. An kafa ta a Helsinki a 2010, Clash of Clans ya fito a 2012, kuma a 2015 kuɗin shigarta ya haura yuro biliyan 2 da ma'aikatan da ba su kai 200 ba. Shekara ɗaya bayan nan Tencent ta China ta jagoranci sayen mafi yawan hannun jarinta a kan dala biliyan 8.6.

Me suke sayarwa haka? Haƙurinka. Kai da kake bugawa ka fi ni sani. Ginin farko cikin daƙiƙoƙi yake ƙarewa, sai ya koma minti, sai awa, har ka kai inda hasumiya ɗaya za ta riƙe maginin kwanaki. A gefe ga koren lu'ulu'un nan da muke kira jem, danna ɗaya aikin ya ƙare. Ba a tilasta maka ba, an dai sa ka jira ne, aka rataya farashin ƙin jira a gaban idonka. Sannan ga 'yan ƙungiyarka da ke jiran harinka a yaƙi, wanda shi ne igiyar da ta fi kowace ƙarfi, don mutum na iya gajiya da wasa amma yana jin nauyin abokai. Mafi yawan 'yan wasa ba sa biyan ko sisi. 'Yan kaɗan ne masu zuba kuɗi suke ɗauke da kowa, su kuma marasa biya amfaninsu shi ne su cika gari, domin mai kuɗi ba zai kashe kuɗinsa a kango ba.

Kada ka ɗauka duk abin da ya shigo riba ne. Apple da Google sun daɗe suna yankar kashi 30 cikin 100 na cinikin da manyan kamfanoni ke yi a shagunansu, sauran kuma talla ke cin babban rabo. A 2015 sai da Clash of Clans da Game of War suka sayi talla a wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, inda daƙiƙa 30 ke cin miliyoyin daloli. Nintendo tana kashe kuɗi ta ƙera na'ura, su waɗannan suna kashewa su sayo ɗan wasa, suna lissafin ko zai mayar da abin da aka kashe a kansa kafin ya goge manhajar.

Inda abin ya fi damuna, a matsayina na mai son wasannin dabarun yaƙi, shi ne yadda hanyar karɓar kuɗi ke sauya wasan kansa. Ɗauki Advance Wars na Nintendo, wanda ya fito a Game Boy Advance a 2001 aka sabunta shi a Switch a 2023. Idan aka ci ka da yaƙi, laifin tsarinka ne, ka tura tankoki inda bai kamata ba. Ba maɓallin da za ka danna ka sayi nasara, don an riga an karɓi kuɗinka, ba abin da ya rage wa kamfani sai ya gamsar da kai ka dawo sayen na gaba. Wasan kyauta kuwa ba ya son ka gama, gamawarka asara ce. A yi wa Clash of Clans adalci, kuɗi na sayen sauri ne a cikinsa, ba ya sayen iya kai hari, kuma mun sha ganin mai cikakken gari da bai iya jefa soja ba. Amma akwai danginsa irin su Game of War da kuɗi ke sayen ƙarfi kai tsaye, wanda ya fi aljihu ya tashi garinka kana barci.

Hujja mafi ƙarfi Nintendo ce da kanta ta kawo, don ta gwada hanyoyin biyu a waya. A ƙarshen 2016 ta saki Super Mario Run da tsarinta na gado: ka ɗanɗana kyauta, ka biya dala 10 sau ɗaya, shi ke nan. An sauke shi sau miliyan 200 cikin shekara guda, amma kamfanin ya fito ya ce ribar ba ta kai yadda ya so ba. A Fabrairun 2017 sai ga Fire Emblem Heroes, wasan dabarun yaƙi na kyauta, inda kake biya a zaro maka jarumi ba tare da ka san wanda zai fito ba. Wannan ɗin, da sunansa bai kai na Mario ba ko kusa, shi ya ninka shi kuɗi. Wato mai waya ya ƙi biyan dala 10 a bakin ƙofa, amma ya yarda a riƙa tsinkar masa kaɗan-kaɗan a ciki. Wannan zaro-ka-gani ɗin ya yi kama da caca har Beljiyam ta taka masa birki, Nintendo ta janye wasan daga ƙasar a 2019. Hukuncinsa a addini na bar wa malamai, amma ni ba zan bar katin banki a wayar da yaro ke irin wannan wasa ba.

Akwai kuma maganar mallaka. Garin da ka gina a waya yana zaune ne a kwamfutar kamfani. Ranar da suka kashe ta, ya tafi, kamar yadda aka yi wa Dragalia Lost, wasan waya na Nintendo, a 2022 da duk abin da mutane suka zuba. Katin wasan Switch kuwa kana iya ara wa maƙwabci, ka yi musanye, ko ka sayar idan ka gama. Sai dai ita ma Nintendo ba waliyyiya ba ce, ta rufe shagon intanet na 3DS a 2023, kuma wasu katunan Switch 2 mabuɗi ne kawai, sai ka sauko da wasan da datarka.

Game da sayen da kake tunani, idan don kai kaɗai ne, kuma daɗin Clash a wurinka hira ce da 'yan ƙungiya, zauna a wayarka, ka yanke wa kanka abin da ba za ka wuce ba a wata. Idan da yara ne, ni Switch zan zaɓa. Tana aiki ba data, ba tallan da zai faɗo musu, kuma mutum biyu na bugawa a na'ura ɗaya. Ka dai sa a lissafi cewa kowane sabon wasa da dala ake masa farashi, don haka nemi katunan gwanjo. Kafin ka biya, gwada sandunan sarrafawa biyun a menu ka ga ko suna motsi da kansu, don wannan ce cutar da aka san Switch da ita. Haɗa ta da intanet ka tabbatar shagon Nintendo na buɗewa, domin wadda aka yi wa kutse ana iya toshe ta. In kuma aka miƙo maka Switch Lite don ta fi araha, ka sani ba ta haɗuwa da talabijin.