Zotero Ta Ɗauke Mini Wahalar Manazarta, Amma Ba Duka Ba

Duk wanda ya taɓa rubuta kundin digiri ya san babi na biyar ba shi ne ƙarshen wahala ba, manazarta ce. Lokacin digirina na farko da hannu na jera su, ina lalube ina waƙafi yake, ina aya take. A digiri na biyu ne wani abokin karatu ya sa mini Zotero, manhajar tattarawa da tsara manazarta, a kwamfuta, kyauta, ba ko sisi. A jami'ar George Mason ta Amurka aka ƙirƙire ta, ta fito a 2006.

Inda ta fi burge ni shi ne abin da ke intanet. Ka buɗe maƙala a shafin mujalla, ka danna ɗan maɓallin da ke saman Chrome, sai ta kwashe sunan marubuci da shekara da lambar fitowa da shafuka, har da PDF ɗin in a buɗe yake. In lambar DOI ta maƙala ko ISBN ta littafi ce a hannunka, liƙa ta kawai. A cikin Word kuwa, duk inda ka kafa madogara, ita za ta ƙara shi a jerin ƙarshe.

Ranar da na san darajarta, saura kwana uku in miƙa aiki, malamina ya duba ya ce, "Wannan ai tsohon APA ne, na bakwai muke bi yanzu." APA salon tsara manazarta ne, na bakwai kuwa bugun 2019 ke nan, wanda ya daina sa garin da aka buga littafi, ya kuma mai da DOI cikakken adireshi. Gabana ya faɗi. Na koma ɗaki, na canza salo, kafin shayina ya huce komai ya gyaru.

Sai dai littattafanmu na gida ba ta san su ba. Tsofaffin bugun maɗaba'un Gaskiya da NNPC na Zariya da yawansu ba su da ISBN, kundayen da ke jibge a laburaren sashe kuwa ba sa intanet. Waɗannan da hannu na shigar, ɗaya bayan ɗaya, ga littafi a cinya ina kwafe bayan bango. Sunaye ma sai an sa ido. Marubucin da sunansa ya ƙare da gari, Katsina ko Funtuwa, garin take ɗauka a matsayin sunan mahaifi, sai ka gyara yadda sashenku yake so. Akwai kuma wata ƴar dabara da na sha wuya kafin in gano: a gurbin harshe ka rubuta "ha", wato Hausa, in ba haka ba wasu salon za su bi kan littafin Hausa da manyan baƙaƙe kamar na Turanci, har "da" da "na" su zama Da da Na.

Abin da ta kwaso daga intanet ma ba a rufe ido a kai. Na taɓa samun labarin jarida da ta bar gurbin marubuci fayau.

Ma'ajiyarta ta kyauta a intanet MB 300 ce, tawa ta cika tun a zango na biyu. Ban biya ba, na bar PDF a kwamfuta da filashi, bayanan manazarta kawai ke hawa intanet, su kuwa ba su da iyaka.