Sharhi: Yawon wuni guda zuwa filin yaƙin Hastings

Asabar ɗin da ta wuce na bi wani kamfanin yawon buɗe ido daga Landan zuwa Pevensey da garin Battle, inda aka gwabza yaƙin Hastings. Motar ta makara, har aka gutsure mana lokacin Pevensey, inda William mai mulkin Normandi ta arewacin Faransa ya sauka da rundunarsa don cin Ingila da yaƙi a ƙarshen Satumba 1066, ya fake cikin tsohuwar ganuwar Rumawa. Ganuwar tana nan daram, har na dafa ta, sanyin dutsen ya ratsa tafina.

A Battle jagorarmu, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta tsayar da mu gaban wani dutse da aka shimfiɗa a ƙasa, inda aka ce Sarki Harold na Ingila ya faɗi ranar 14 ga Oktoba. Abin da ya sa kuɗina ya halatta gare su shi ne ba ta ɓata lokaci kan takubba da dawakai ba. Ta nuna mana cewa yaƙin wuni ɗaya ya ci, amma danne ƙasar sai da ya ɗauki shekara ashirin. An naɗa William sarkin Ingila a cocin Westminster da ke Landan ranar Kirsimeti, sannan ya dinga kafa gidajen tsaro a manyan garuruwa, ya ƙwace filayen manyan Ingilishi ya raba wa mutanensa bisa sharaɗin su kawo masa mayaƙa. A 1070 ya kawo wani malamin coci mai suna Lanfranc daga Normandi ya ɗora shi kan cocin Canterbury, kujerar babban limamin Ingila, a gurbin Stigand ɗan ƙasa. Amma gundumomi da tsarin haraji da ya tarar bai rushe su ba, kawunan kawai ya sauya. A 1086 ya baza wakilai suka ƙirga gonaki, garmuna, injinan niƙa na ruwa, har da aladu, kamar masu ƙidayar jangali. Littafin da aka tattara wannan ƙidaya a ciki shi ake kira Domesday.

Inda ta ba ni haushi shi ne maganar arewacin Ingila. A hunturun 1069 zuwa 1070, bayan tawayen birnin York, William ya ƙone ƙauyuka da rumbuna, ya karkashe dabbobi, yunwa ta gama da dubban talakawa. Jimla biyu ta yi a kai ta wuce. Ai da wannan ta'asar ce aka karya lagon mutanen, ya kamata a tsaya a kanta. Sai da na tare ta a bakin mota na yi tambaya kafin ta buɗe baki sosai.

Mai niyyar zuwa ya sa takalmi mai kauri, gangaren filin akwai laka.