Gulab jamun ko rasgulla: wanne za ki fara yi a gida?

Salamu alaikum. 'Yar uwarmu da ta yi tambaya jiya da daddare, ki yi haƙuri da jinkiri, ga amsarki. Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ta yi tana son ta yi wa baƙin Sallah kayan zaƙin Indiya. Ta ga hoton gulab jamun da na rasgulla, duka ƙwallaye a cikin ruwan suga, ɗaya ja ɗaya fari. To wanne ya fi sauƙi ga wadda ba ta taɓa yi ba, kuma madarar gari za ta yi? Ta kuma tambaya ko da catni, wato miyar dangwale ta Indiya, ake cin su.

Ki fara da gulab jamun. Kamar da kika gani a hoto, kama da wane ce, ba wane ba ce. Kusan duk abin da yake gyara ɗaya shi yake ɓata ɗayan, shi ya sa mace za ta ƙware a gulab jamun, ta zo kan rasgulla ya watsa mata ƙasa a ido.

Tun daga madara suka raba hanya. Gulab jamun na asali da khoya ake yin sa, wasu su ce mawa. Madara ce ake zubawa a faffaɗan kasko, a yi ta juyawa a kan wuta har ruwan ya ƙone ta zama curi. Lita guda ba ta ba ki abin da ya wuce kamar giram 200, kuma sai kin tsaya a kanta fiye da awa ɗaya. Shi ya sa hatta a Indiya gidaje da yawa suka koma yi da madarar gari, tunda ita ma madara ce da aka riga aka ƙafar. Duk wadda ta iya gullisuwa ta yi rabin tafiya. Abu ɗaya kawai, ki juya bayan leda ki karanta. Da yawa daga cikin madarar awo an cire mata mainta an sa man itatuwa, ita kuwa mai cikakken man madara ake so.

Rasgulla kuwa ba ƙafar da madara ake yi ba, tsinka ta ake yi. A tafasa, a zuba ruwan lemon tsami, farin ya ware daga ruwan, a tace a ƙyalle. Farin nan shi suke kira cena. Idan kin taɓa yin awara kin san aikin, hannu ɗaya ne, sai dai can waken suya nan madarar shanu. To a nan gizo yake saƙar, domin ɗanyar madara yake so, ta saniya, wadda ba ta yi tsami ba. Su kansu masu sana'ar a Indiya ta saniya suke zaɓa wa rasgulla, ta ɓauna mai kauri su bar wa mawa. Kindirmo ba zai yi ba, ya riga ya kama. Ta kwali mai daɗewa a kan kanta idan kika tsinka ta ɓarɓashi take ba ki maras ƙarfi. Ta gari na dama na gwada har sau biyu, ta tsinke kam, amma abin da ya fito sai ka ce kana tauna roba. Idan kina da Bafulatanar da za ta kawo miki tatsar safe kafin rana ta ɗaga, kin huta. Idan babu, tun daga nan tambayarki ta amsa kanta.

Sai maganar hannu. Ga yadda nake kwaɓa gulab jamun: madarar gari kofi 1, fulawa kwatan kofi, bekin soda kwatan ƙaramin cokali, soyayyen man shanu babban cokali 2, sai madarar ruwa cokali 4 zuwa 5 da za ki dinga zubawa kaɗan-kaɗan. Da yatsu za ki tattara shi, ba murzawa, ba bugu irin na kwaɓin cincin. Da ya haɗe ki bar shi, ko da yana ɗan manne miki a hannu, domin madarar za ta shanye ruwan cikin minti goma. Idan kika murza, fulawar ta yi danƙo, cikin ya toshe, suga ba zai samu hanyar shiga ba. Ki shafa man shanu a tafi ki mulmula ƙanana, kada su wuce ƙwallon dabino biyu a haɗe, don za su kumbura a mai su sake kumbura a suga. Kada ki bar tsaga ko ɗaya a jiki.

Cena kuwa murza ita ce ransa. Bayan kin tace, ki ɗauraye shi da ruwan sanyi a cikin ƙyallen don tsamin lemon ya fita, ki rataye kamar minti 30 zuwa 45. Nan ne wurin da babu ma'auni sai ido da hannu. Idan ruwa ya yi yawa a jikinsa, ƙwallayen za su fashe a tukunya. Idan ya bushe ƙarau, za su yi tauri. Abin da ake nema shi ne ki marmasa shi ya watse amma ki ji danshi a yatsa. Sai ki juye a faranti ki sa gindin tafin hannu ki dinga shafe shi gaba, ki tattaro, ki sake shafewa, minti takwas zuwa goma. Da farko za ki ji tsaki-tsaki. Can sai ya yi sumul, tafinki ya fara ƙyallin maiƙo. To ki tsaya nan. Idan kika zarce, man ya fice, kin koma gidan jiya. Lita guda tana ba da ƙwallo goma zuwa sha biyu, ba ƙari.

A wuta ma hannun riga suke. Gulab jamun soyawa ake yi, kuma a wuta ƙasa-ƙasa. Karona na farko na ɗauka fanke ne, na bar mai ya yi zafi na zuba. Kafin in juya in ɗauko matsami sun yi baƙi, da na yanka ɗaya sai ga ɗanyen kwaɓi a tsakiya kamar ƙwallon goriba. Sun kwana a suga, ƙwallon nan bai san an yi ba. Gwajin mai shi ne ki jefa ɗan gutsure: ya nutse, ya ɗan zauna a ƙasa, sannan ya taso a hankali. Idan ya taso nan take yana cuwa, ki sauke kaskon ya huce. Kada ki taɓa ƙwallayen da cokali suna ɗanye, man za ki dinga kaɗawa a gefensu su juya da kansu. Kasko ɗaya yana cin minti bakwai zuwa goma kafin su yi ja irin na dabino. Mai gawayi, ki rage garwashin sosai.

Rasgulla bai san mai ba sam. A cikin ruwan sugan ake dafa shi, kuma wuta yake so sosai, ruwan yana tafasa yana ɓalɓala tun daga jefawa har saukewa, tukunya a rufe, minti 12 zuwa 15. Tukunyar ta zama mai faɗi, don kowanne zai ninka girmansa. Idan suka matsu ba su da wurin juyawa, sai su fito a baje. Ni nawa na farko a ƙaramar tukunya na cusa su, ga cenan bai tsane ba, na buɗe murfi na tarar da wani abu kamar kunun gyaɗa. Idan kina son ki san ya nuna, ki ɗauko ɗaya ki jefa a kofin ruwa. In ya nutse ya yi.

Ruwan sugan kansa ba ɗaya ba ne. Na gulab jamun suga kofi 2 ne ruwa kofi 2, a tafasa 'yan mintoci har ki taɓa ki ji yana ɗan danƙo tsakanin yatsu, amma bai kai kaurin na alkaki ba. Ki ɗiga lemon tsami kaɗan don kada ya daskare, ki fasa kadamom uku ko huɗu, ki sa ma'ul wardi bayan kin sauke. Daga nan ma sunan ya samo asali, gulab a Farisanci ruwan fure ne, jamun kuma wani ɗan itace ne na Indiya mai duhu da ya yi kama da ɗinya. Da ɗumi ake haɗa su, ƙwallo da ɗumi suga da ɗumi, a bar su aƙalla awa biyu. Na rasgulla tsararo ne, suga kofi 1 ruwa kofi 4. Idan ya yi kauri sai ya janye ruwan jikin cenan, ƙwallayen su motse.

Rasgullan da kika gani fari fat mai kama da soso, na yankin Bengal ne da ke gabashin Indiya. Mutanen Kalkata, babban birnin jihar Bengal ta Yamma, suna jingina shi ga wani mai shagon kayan zaƙi a unguwar Bagbazar, Nobin Chandra Das, a 1868, ɗansa K.C. Das kuma shi ya fara zuba shi a gwangwani a 1930. Mutanen jihar Odisha suka ce ina, tun kafin nan ana miƙa shi a ɗakin bautar Hindu na Jagannath da ke garin Puri. Musun ya kai gaban hukuma, aka ba Bengal ta Yamma rajistar nata a 2017, aka ba Odisha nata a 2019. Na Odisha ya fi laushi, sau da yawa launinsa ya ɗan yi ƙasa-ƙasa. Saboda haka idan naki bai fito fari tas ba, kada ki zubar, ki ce na Odisha kika yi.

Tunda na Sallah ne, ki yi tunanin ajiya. Gulab jamun an soya shi ga suga mai kauri, zai kai kwana biyu a rufe ko babu wuta, a firji kuwa ya yi mako. Ana ma ɗan ɗumama shi kafin a ba baƙo. Rasgulla da sanyi ake cin sa, kuma ruwansa tsararo ne, a zafin nan namu in babu firji ba ya jure kwana. Duka biyun dai na kwano da cokali ne, ba sa ƙulluwa a leda. Idan na yara 'yan yawon Sallah kike so, ki nemi nankhatai, biskit ɗin garin Surat da ake gasawa da fulawa da man shanu da suga da kadamom. Shi a gwangwani yake zama abinsa.

Catni kuma ba ruwansa da su. Abokin samosa ne da sauran soye-soye masu gishiri. Idan za ki yi samosa a ranar, ki jiƙa tsamiya ki tace, ki dafa da dabino da mazarƙwaila, ki sa garin citta da barkono da gishiri har ya yi kauri ya kama bayan cokali. Mazarƙwailarmu ita ce abin da suke kira gur, ba sai kin nemi wani abu daga waje ba.

Kada ki bari sai daren Sallah. Cikin makon nan ki kwaɓa rabin awon da na ba ki, ki soya ƙwallo ɗaya tak tukuna, ki raba shi biyu ki duba. Idan tsakiyar ta yi fari da tauri, wuta ta yi yawa ko kin murza. Idan ya tarwatse a mai, soda ta yi yawa ko kwaɓin ya bushe, sai ki ƙara fulawa cokali guda da ɗigon madara. Ki ɗauki hoton cikinsa ki turo mana, ba na waje ba.