Sandar Vokey SM10 a bugun kusa da rami

Wata uku ke nan ina buga wasan golf da sandar Vokey SM10 ta kamfanin Titleist, wadda karkatar fuskarta ta kai digiri 56, kuma ta gamsar da ni. Abin da ya fi burge ni shi ne tudun gindinta mai digiri 14, domin a ramin yashi yakan zame ƙarƙashin ƙwallo maimakon ya nutse, sai ƙwallon ya tashi cikin ƙurar yashi, ya sauka ya tsaya cak. A busasshiyar ƙasa mai tauri kuwa, sandar takan yi tsalle, don haka mai tudun digiri 8 ta fi dacewa. Tunda dokar golf ta taƙaita yawan sandunan da ɗan wasa zai ɗauka ga guda 14, na haɗa ta da ire-irenta masu karkatar fuska digiri 52 da 60 kawai.