Wata guda ina bincike da Bing a shagona

Shagona na buga takardu da cike fom yana wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma yawancin masu zuwa ɗalibai ne, masu neman JAMB da 'yan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke rubuta furojet. Bayan ƙaramar salla na sayo sabuwar kwamfuta. Ta zo da Windows, burauzarta Edge, injin bincikenta Bing. A da, kafin komai sai na mayar da shi Google. Wannan karon na ce bari in bar shi wata guda in ga kamun ludayinsa.

Ya yi mini aiki, gaskiya. Wata ɗaliba ta zo neman tarihin hasumiyar Gobarau, ya kawo mana Wikipedia da hotuna masu kyau, muka buga ta tafi. Wajen neman hoto ya fi burge ni, musamman idan ina haɗa katin gayyatar biki, don cikin sauƙi nake tace girma da launin da nake so. Copilot kuma, wato manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira da ke tare da Bing, yakan taƙaita mini doguwar takardar Turanci, ya nuna inda ya samo bayanin, in bi in duba da idona. Idan da Hausa nake nema, sai na gwada "ƙasa" na kuma gwada "kasa". Wannan kam daga gare mu ne, da yawanmu ba ma sa haruffa masu lanƙwasa idan muna rubutu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, yaron shagona ne. Ran nan ina tsaye bayansa, ga akwatin Bing a buɗe, sai ya rubuta "google" a ciki, ya danna, ya shiga can, sannan ya nemi abin da aka aiko shi. Na ce, "Kai, ba ga wurin nema a gabanka ba?" Ya ce, "Oga, hannuna ne ya saba." Masu zuwa shagon ma haka suke cewa: "Malam, ɗan duba mini a Google."

Microsoft kuwa, kamfanin da ya mallaki Bing, ya sha canza wa injinsa suna. MSN Search ne tun 1998, ya koma Windows Live Search a 2006, sai Live Search, sai Bing a 2009. A 2023 aka fito da Bing Chat a Fabrairu, kafin shekarar ta ƙare ya zama Copilot. Duk da haka, kusan kashi 90 cikin 100 na binciken duniya a hannun Google yake.

Ni a ganina suna ba shi ne matsalar ba. Ɗauki kowace Tecno ko itel ko Infinix a kasuwar waya, kana kunna ta ga akwatin Google a fuskarta. Yaron da ya fara sanin intanet ta nan bai taɓa zaɓar injin bincike ba, tarar da shi ya yi. Kuma kamfanonin sun san darajar wannan gurbi. A wata kotun Amurka aka bayyana cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama injin da ke cikin Safari, burauzar iPhone, tun daga kwali, sannan a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba. Wannan yana damuna, domin idan mai sayarwa ɗaya ne a kasuwa, mai saye ba shi da ta cewa.

Watan ya cika, ban cire Bing ba. A wayata Google nake amfani da shi kamar kullum, a kwamfutar shago kuma Bing. Yaron har yanzu yana zagayawa ta tsohuwar hanyarsa, amma jiya da aka kawo aikin katin suna, na ga a Bing ya nemi hoton ragon.