WordPress.com ga mai zanen gine-gine da ya rasa aiki

Mai zanen gini da kamfani ya sallama, babban abin da ke damunsa bayan kuɗi shi ne a manta da shi. Shafin intanet na kansa, inda zai riƙa baje zanensa yana bayanin yadda yake tunani, yana rage wannan. WordPress.com, dandalin buɗe irin wannan shafi da kamfanin Automattic ke gudanarwa tun 2005, ya isa a fara da shi ba tare da an kashe ko sisi ba, amma fa yana da tarko.

Tsarin kyauta zai ba ka adireshi mai ƙarewa da wordpress.com, ya kuma liƙa tallansa a shafinka. Ga mai neman kwangila, tallan nan yana rage kwarjini. Da zarar hali ya samu, a biya a cire shi.

Wajen hotuna ne aka fi yin ɓarna. Fayil ɗin manhajojin zanen gini irin su AutoCAD ko Revit ba ya hawa kai tsaye, sai an mayar da shi PDF ko hoto. Taswirar gini mai siraran layuka a fitar da ita a nau'in hoto na PNG, domin nau'in JPEG yana dusashe layin har a kasa karanta ma'auni. Hoton ginin da aka kammala kuwa JPEG ya fi, faɗinsa kusan fiksel 1600 zuwa 2000, nauyinsa ƙasa da rabin megabait. Wanda ya ɗora hoto mai megabait 8 zai cinye wurin ajiyar da WordPress.com ya ba shi da wuri, mai dubawa a waya kuma datarsa ce za ta ƙone kafin shafin ya buɗe.

Kafin a ɗora kowane zane, a goge akwatin bayanan da ke gefensa: sunan mai gida, lambar fili, adireshi. Aikin da aka yi a ƙarƙashin tsohon kamfani galibi mallakar kamfanin ne, don haka a nemi izini a rubuce.

Zaɓaɓɓun ayyuka biyar ko shida a sa su a shafi tsayayye, wato wanda sabbin rubuce-rubuce ba sa ture shi ƙasa, tare da lambar waya. Sauran rubutu sau ɗaya a mako ya wadatar, a kan abin da masu gini ke tambaya, kamar dalilin da ke sa ɗakin da ke fuskantar yamma ya yi zafi, ko inda ruwa ke shiga rufin kankare. Irin wannan ne ke kawo kiran waya, ba ƙorafi kan wanda ya sallame ka ba.